Finafinan da Ba Sa Gaggawa: Daga Ina Natsuwarsu Take Fitowa?

A cikin fim ɗin zane na ƙasar Japan mai suna My Neighbor Totoro, wanda Hayao Miyazaki ya fitar a 1988, akwai wata fitowa da kusan duk wanda ya kalle shi yake fara tunawa. Yarinya Satsuki tana tsaye a tashar mota ta bakin daji, ta goya ƙanwarta Mei da barci ya kwashe, suna jiran babansu wanda ya tafi aiki birni bai ɗauki lema ba. Dare ya yi, ruwa yana zuba, motar farko ta zo ta wuce ba ya ciki. Can sai ga Totoro, wani jibgegen dodo mai taushin gashi, ya zo ya tsaya gefenta da ganye ɗaya tak a kansa. Satsuki ta miƙa masa lemar baban. Ɗigon ruwa ya faɗo daga bishiya ya bugi lemar, ƙarar ta yi masa daɗi, sai ya daka tsalle ya dira da ƙarfi don ruwan da ke kan ganyaye ya zubo masa gaba ɗaya. Mintuna suna wucewa, kusan ba mai magana.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajoji, in aka kawo mana irin wannan fitowa a ce mu ɗora ta a dandalin bidiyo, mun san abin da alƙaluma za su nuna. Akwai jadawalin da ke bayyana daidai daƙiƙar da masu kallo suka fara zamewa, kuma layinsa yakan gangaro ne duk inda aka yi shiru. Shawarar da sana'armu za ta bayar ita ce a yanke jiran, a kawo dodon tun cikin daƙiƙa uku na farko. Amma ga shi fiye da shekara 35 bayan fitowar fim ɗin, mutane suna komawa gare shi da ire-irensa duk lokacin da kai ya ɗau zafi. Japanawa har suna da sunan da suke kiran irin waɗannan labarai, iyashikei, wato masu warkarwa.

To mene ne a cikinsu yake kwantar da hankali? Amsar da aka fi bayarwa ita ce korayen bishiyoyi da ƙarar ruwan sama. A ganinmu wannan rabin amsa ce. Duk waɗanda suka yi fice a cikinsu suna ɗauke da wata damuwa ta gaske, ciwo ko rashi ko talauci, kuma natsuwar tana fitowa ne daga yadda fim ɗin yake ba mutanensa lokaci su yi aiki, su jira, su ci abinci, alhali damuwar tana nan ba ta gushe ba. Wanda ya cire damuwar ya bar koren kaɗai, hoton bango ya yi.

Hankalin da aka gajiyar

Kafin a fahimci maganin, gara a san ciwon, kuma a nan sana'armu tana da hannu dumu-dumu. Shafin nan da kake ta ja da yatsa ba ya ƙarewa, wani injiniya mai suna Aza Raskin ne ya fito da dabararsa a 2006, daga baya kuma ya fito fili ya nuna nadamarsa. Bidiyon da ke fara kansa da zarar na farko ya ƙare, da jan ɗigon da ke kan alamar manhaja, duk an gwada su ne a kan miliyoyin mutane, aka riƙe wanda ya fi hana su ajiye waya. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa ba tare da kunya ba cewa barci ne babban abokin gasarsu.

Shi ma fim ya bi sahu tun kafin wayoyin zamani. Binciken James Cutting na Jami'ar Cornell a kan finafinan Hollywood ya nuna cewa a shekarun 1930 ɗauka ɗaya takan kai wajen daƙiƙa 10 kafin a yanke, amma bayan shekarar 2000 ta koma ƙasa da daƙiƙa 4. Duk yankewa ɗaya aiki ce ga mai kallo: dole ido ya sake neman inda zai tsaya, ƙwaƙwalwa ta sake gane wa ke ina. Mutum zai tashi daga kallon awa biyu a gajiye, yana mamakin me ya gajiyar da shi alhali a kwance yake.

Miyazaki ya taɓa yi wa mai sharhin finafinai Roger Ebert bayanin abin da shi yake yi. Ya tafa hannu sau uku ko huɗu, ya ce shirun da ke tsakanin tafi da tafi shi ne Japanawa ke kira ma, kuma fim ɗin da ba shi da irin wannan sarari hayaniya ce kawai. Shi ya sa a finafinansa za ka ga an tsaya a kan dodon koɗi yana hawa kara, ko iska tana kaɗa shinkafa a gona, ba don labari ya ci gaba ba. Ido yana samun damar yawo da kansa a cikin hoto, ba a janye shi da igiya.

Masu ilimin halayyar ɗan'adam suna da nasu bayanin. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa wani bincike a mujallar Science kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma sun fi su ƙarancin buƙatar magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan kuma sun bayyana cewa hankali iri biyu ne: wanda muke tursasawa, kamar lokacin lissafi ko tuƙi a cunkoso, wanda yake gajiya, da wanda ganye mai motsi ko gajimare yake ja a hankali, wanda yake ba na farkon damar hutawa. Hukumar gandun daji ta Japan ma tun 1982 take tallata abin da ta kira shinrin-yoku, wato wankan daji.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai yana bayyana amfanin taga ne da bishiya. Bai bayyana dalilin da ya sa wani fim mai kore yake zama a zuciya shekaru, wani kuma a manta shi kafin safiya ba.

Uwar da ke asibiti

Mutane da yawa suna tuna Totoro a matsayin fim ɗin da babu abin da ya faru a cikinsa. Alhali dalilin da ya kawo iyalin ƙauyen tun farko shi ne su kusanci asibitin da mahaifiyar yaran take kwance. Fim ɗin bai faɗi sunan ciwon ba, amma an san mahaifiyar Miyazaki ta yi shekaru tana jinyar tibi na ƙashin baya lokacin yana yaro, kuma labarin yana faruwa ne a shekarun 1950, lokacin da wannan cuta take kashe mutane sosai a Japan. Satsuki, wadda ba ta wuce firamare ba, ita ke tashi da sassafe ta haɗa wa kowa abincin rana. Ita ke gyara wa ƙanwarta gashi. Duk dariyar da take yi, tana yin ta ne da nauyin uwa a kanta.

Sai saƙon tangaraho ya zo daga asibiti, daga baya aka ji cewa uwar ba za ta zo hutun ƙarshen mako ba. A nan Satsuki ta fashe da kuka a gaban tsohuwar maƙwabciyarsu, tana tambayar yadda za su yi in mama ta mutu. Mei mai shekara huɗu ta rungumi masara guda ta kama hanyar asibiti ita kaɗai, don an ce mata kayan gona suna ƙara lafiya, ta ɓata. Aka tsinci takalmin yarinya a kududdufi, mutanen ƙauye suka shiga ruwa da gora suna lalube. Tsohuwar tana riƙe da takalmin hannunta yana rawa, har Satsuki ta iso ta duba ta ce ba na Mei ba ne. Duk wanda aka taɓa neman yaro a unguwarsu ya san wannan minti.

Wannan tsoron ne yake ba sauran fim ɗin nauyi. Jiran mota a cikin ruwa yana taɓa mu ne domin yaran da uwarsu take asibiti ne suke jiran uban da bai zo ba. Ƙatuwar bishiyar kafur da ke bayan gidansu tana ba da natsuwa domin ta daɗe a wurin kafin ciwon, kuma za ta ci gaba da tsayuwa ko me likita ya ce. Gaisuwar da uban ya sa yaran suka yi wa bishiyar daga al'adar Shinto ta Japan take, mai kallo ba ya buƙatar yarda da ita kafin ya gane abin da yaro mai tsoro yake nema a wurin babban abu mara motsi. Totoro kansa bai warkar da kowa ba. Ya ba su iri a ƙunshe cikin ganye, suka shuka, suka yi ta leƙawa kullum ba tsiro, har ranar da ya fito.

Abin lura, an fara nuna Totoro a gidajen sinima ne haɗe da Grave of the Fireflies na Isao Takahata, labarin wa da ƙanwa da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Tikiti ɗaya, fim biyu. Kamfanin Studio Ghibli ɗaya ne ya yi su a lokaci guda, kuma masu zanen koren dajin sun san abin da ake zanawa a ɗaya ɗakin.

Fure mai ƙaya

Shi Takahata ya ɗauki tambayar gaba da gaba a Only Yesterday na 1991. Taeko, ma'aikaciyar ofis a Tokyo mai shekara 27, ta ɗauki hutu ta tafi Yamagata don ta taya dangin mijin yayarta girbin benibana, wani fure mai ƙaya da ake fitar da jan rini daga jikinsa. Fim ɗin ya zauna a kan aikin kamar darasi. Ana tsinkar furen da asuba tun raɓa ba ta bushe ba, don lokacin ne ƙayar take da laushi. A wanke, a tattake, a bar shi ya ruɓa, a daka, a dunƙula, a shanya. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake jiran baba ya nuna zai gane irin wannan haƙurin. Cikin wannan kyan gani kuma aka gaya mana cewa jan-bakin da ake yi da furen na matan masu kuɗi ne a Kyoto, 'yan matan da ƙayar take soke wa yatsu ba su taɓa shafa shi ba.

Akwai inda Taeko ta tsaya tana yaba kyan dajin, sai Toshio, matashin manomin da ke zagayawa da ita, ya gyara mata zance. Ya nuna mata cewa gonakin da rafin da kurmin da take kallo, duk hannun manoma ne ya tsara su shekara da shekaru, kowane yanki da tarihin wanda ya share shi. Abin da ɗan birni yake kira daji, gumin wasu ne.

Sannan fim ɗin ya juyo kan mai kallo. Da kakar gidan ta ce wa Taeko, tunda tana son ƙauyen haka, ta zauna ta auri Toshio, sai ta fice da gudu cikin kunya. Ta gane cewa kwana goma ta yi tana wasan noma, tana ta cewa wuri ya yi kyau, ba ta taɓa tunanin ɗaukar rayuwar da gaske ba. A cikin motar Toshio, ruwa yana zuba, ta tuna wani yaro matalauci mai datti a ajinsu na firamare wanda ta riƙa yi wa kirkin ƙarya, shi kuma ranar da zai bar makarantar ya gaisa da kowa hannu da hannu ban da ita. Wannan fitowa tuhuma ce ga duk mai kallon karkara daga cikin ɗaki mai fanka. Ƙarshen fim ɗin, inda Taeko ta sauka daga jirgin ƙasa ta koma, ya zo da sauƙi fiye da yadda tuhumar ta cancanta. Amma kafin a kai can an riga an faɗi abin da ya kamata a faɗa.

Ko a zanen ma an nuna bambancin. Fitowar yarintar Taeko a 1966 gefunansu fari ne, sun dusashe kamar tsohon tunani. Gonakin Yamagata kuwa an zana su har ƙarshen hoto, kowane ganye da inuwarsa, fuskokin manya kuma har da layin kumatu idan sun yi murmushi.

Yunwa da kallon kitse

Little Forest labari ne ɗaya da aka yi fim ɗinsa a ƙasashe biyu, don haka ya dace da gwaji. Asalinsa littafin zane ne na Daisuke Igarashi. Junichi Mori ya yi na Japan kashi huɗu bisa yanayin shekara, aka fitar a 2014 da 2015. Ichiko ta baro birni ta koma Komori, wani ƙauye a arewa maso gabashin ƙasar, gidan da uwarta ta tafi ta bar ta ba sallama. An tsara fim ɗin girki bayan girki. Na farko ma ya samo asali ne daga matsala: laima ta yi yawa har fumfuna tana cin kayan katako, sai ta hura murhu a tsakiyar zafi don gidan ya bushe, tunda kuma wuta ta riga ta kama, ta gasa burodi. Muna ganin ta duƙe tana cire ciyawa a gonar shinkafa gumi yana ɗiga. Agwagin da suka yi damina suna cinye ƙwari a gonar, muna ganin ranar da aka yanka su aka fige. Abokinta Yuta, wanda shi ma ya je birni ya dawo, ya gaya mata cewa abin da ya kore shi shi ne mutanen da ke zuba bayani kan abin da ba su taɓa yi da hannunsu ba. Maganar ta soke ta, domin ta san shi ya dawo ne da niyya, ita kuwa gudowa ta yi.

Na Koriya ta Kudu, wanda Yim Soon-rye ta ba da umarni a 2018 da Kim Tae-ri a matsayin Hye-won, ya fi shahara kuma ya fi daɗin kallo. Farkonsa yana da ƙarfi: yarinya ta faɗi jarrabawar zama malama, ta iso gida cikin hunturu, ta tono kabeji daga ƙarƙashin ƙanƙara ta yi miya, da ƙawarta ta tambaye ta me ya dawo da ita ta ce yunwa. Wanda ya yi zaman birni kan taliyar leda ya san ba wasa take yi ba. Akwai kuma guguwar da ta kwantar da shinkafa ta zubar da tuffa, aikin shekara guda a dare ɗaya.

Sai dai fim ɗin yakan zame zuwa talla. Kicin ɗin Hye-won tsaf yake kamar na mujalla, hasken rana kullum yana faɗowa daidai kan faranti, ba bashi, ba kuɗin taki, gida yana nan kyauta yana jiran ta. A irin waɗannan wurare mai kallo kallon kitse yake yi wa rogo. Na Japan ya fi tsawo, ya fi gundura, kuma shi ne natsuwarsa take daɗewa a jiki, saboda an bar mu mun ga abin da aka biya kafin abinci ya hau faranti.

Na jabu, da abin da data take ci

Kasuwa ta gano cewa natsuwa tana sayuwa. A 2009 gidan talabijin na Norway, NRK, ya nuna tafiyar jirgin ƙasa daga Bergen zuwa Oslo tun daga farko har ƙarshe, fiye da awa bakwai, kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka leƙa. Yau YouTube cike yake da bidiyon awa goma na ruwan sama a kan rufi. Ba mu raina su ba, da yawanmu da su muke rubuta manhaja cikin dare. Amma aikinsu irin na maganin barci ne, ba wanda ya tashi daga kansu ya san wani mutum ko wani wuri fiye da yadda ya sani jiya.

A watan Maris na 2025 kuma intanet ta cika da hotunan da ChatGPT ya mayar salon Ghibli cikin daƙiƙu kaɗan. Launin ya fito, taushin fuska ya fito, gajimaren ma ya fito. Mun san yadda ƙirƙirarriyar basira take yin haka: ta koyi abin da ya fi maimaituwa a saman dubban hotuna, ta sake jera shi. Abin da ba ya saman hoto shi ne shawarar da darakta ya yanke ta barin yarinya tsaye cikin ruwa na tsawon mintuna. A The Wind Rises na 2013, wani mai zane na kamfanin, Eiji Yamamori, ya shafe shekara ɗaya da wata uku a kan fitowar daƙiƙa huɗu ta cincirindon mutane bayan girgizar ƙasa, don kowane mutum a cikin taron ya kasance da inda ya nufa.

Wannan ba ya nufin kwamfuta ce abokiyar gaba. Flow, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya fitar a 2024, an yi shi gaba ɗaya da Blender, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta, a kan kuɗi wajen Yuro miliyan 3.5, kuma ya doke manyan kamfanonin Amurka ya ci Oscar a 2025. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Wata mage ce ambaliya ta raba da gida, ta shiga kwale-kwale tare da kare da wasu dabbobi. Kyamara tana bin su cikin dogayen ɗauka, ruwa yana sheƙi, amma magen tana tsoron nutsewa daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ba zai kalli ruwan da ke hawa a matsayin ado ba. Lokutan hutun da ke cikin fim ɗin suna da daɗi ne saboda an sha wuya kafin a same su.

Akwai wata matsala ta fasaha da ta shafi masu kallo a waya kai tsaye. Bidiyo jerin hotuna ne, 24 ko 30 a daƙiƙa. Don a rage nauyinsa, tsarin matse bidiyo irin su H.264 ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya, sannan ya riƙa rubuta abin da ya canza kawai. Fuskar mutum a gaban bango tana da arha, domin bangon ba ya motsi. Ruwan sama da ganyaye da ciyawar da iska ke kaɗawa su ne mafi tsada, tunda komai yana canzawa a kowane hoto. Idan muka sauke ingancin zuwa 240p ko 360p don tattalin data, abin da tsarin yake fara zubarwa shi ne daidai abin da waɗannan finafinai suka dogara da shi, daji ya koma koren tabo. Lasifikar waya kuma tana haɗiye ƙananan sautuka. Wanda zai kalli ɗaya daga cikinsu, gara ya sauke shi a 720p lokacin garaɓasar datar dare, ya sa abin kunne, ya kashe sanarwa. Totoro minti 86 ne kacal.

Idan an ce daji

Mai karatu a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari yana da haƙƙin ya tambaya: wane daji? A 'yan shekarun nan kalmar ta canza ma'ana a bakin mutane da yawa. Rugu da Kamuku da Sambisa sunaye ne da ake ji a labaran safe, akwai kuma manoman da gonarsu tana nan amma zuwa gare ta ya gagara. Sauranmu kuma, ko a birni aka haife mu, ba mu yi nisa da fartanya ba har da za a sayar mana da noma a matsayin hutu. Wannan ya sa mu cikin masu kallon da suka fi kowa saurin gane na jabu, kuma shi ya sa finafinan da ba su ɓoye tsoro da gumi ba suke iya yi mana magana duk da nisan Japan.

Ba sai an je Asiya ba ma. Yaaba, wanda Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya fitar a 1989, fim ne mai taushi kamar kowanne daga cikin waɗanda muka ambata, kuma kusan babu kore a cikinsa. Yaro Bila ya ƙulla abota da tsohuwa Sana, wadda ƙauye ya kora ana ce mata mayya, yana kiran ta yaaba, wato kaka a harshen Mooré. 'Yar'uwarsa Nopoko ta kamu da tetanus bayan wuƙa ta yanke ta, mutane suka ɗora wa tsohuwar laifi suka ƙone bukkarta, ita kuwa ta kama doguwar hanya neman mai magani. Ouédraogo yana ajiye kyamara nesa, ya bar mutum ya ratsa jan fili daga wannan gefen hoto zuwa wancan da ƙafarsa. Sararin Sahel da shirunsa suna yin aikin da kurmin Japan yake yi.

A finafinanmu na Hausa kuwa, lambu da dutse da bakin ruwa galibi wurin waƙa ne, darasin da aka ɗauka daga finafinan Indiya da suka yi ta kai masoya Kashmir da Suwizalan. Ana gama rawa a koma falo, inda ainihin labarin yake gudana da baki. Ba kasafai muke ganin an tsaya a kan aikin hannu har ya kammala ba, alhali kayan suna nan birjik. Shekarar manomi ta riga ta zo da tsarin labarinta: sharar gona, kallon gabas ana jiran hadari, shuka, fargabar ruwa ya ɗauke bayan tsiro, noman farko, maimai, girbi, sussuka. Ga gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, wadda manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tsironta a gonaki tun shekarun 1980 har masu bincike suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo. Maganar da Toshio ya gaya wa Taeko ke nan, a ƙasar Hausa.

Fim ɗin da zai bi gida ɗaya daga ruwan farko zuwa kaka ba ya buƙatar mota ko katafaren gida, kyamara ɗaya da makirfo mai kyau da haƙurin wata biyar sun isa. Damuwar da zai ɗauka ma ba sai an ƙirƙiro ta ba: miji ya tafi cirani waya ta daina shiga, ko yaro yana kwance ana jiran ranar kasuwa a sayar da akuya. Abin da zai fi wuya shi ne darakta ya yarda ya bar matar gidan ta gama tankaɗe garin nan a gaban kyamara, ya amince mai kallo ba zai ja yatsa ya wuce ba.